Wace igiya ta dace da tsohuwar sandar gora ta fatsar ƙuda?

Tambaya: Ina zaune a jihar Mishigan ta Amurka, kuma na fara koyon kamun tirawut, wani kifin ruwan sanyi, da ƙudan fatsa. Na sayi tsohuwar sandar gora ta kamfanin Heddon, tsawonta ƙafa 8 da rabi, mai gaɓa 3, an rubuta HDH a jikinta kusa da mariƙi. A shago an ba ni igiyar zamani mai alamar WF6F, wato mai nauyi a gaba (WF), lamba 6, mai yawo a saman ruwa, amma sandar tana yi mini nauyi wajen jifa, igiyar kuma ba ta gudu sosai a cikin zobba. Wace igiya ya kamata in saya, kuma dole ne sai ta siliki?

Amsa: Malam, ba dole ba ne sai ta siliki, kuma bisa abin da ka bayyana ba na zargin sandar da wani aibi. Shawarata ita ce ka nemi igiya mai yawo a saman ruwa, wadda ta sirance a bakinta duka biyu, wato mai alamar DT, lamba 5 ko 6, mai laushi da siririn jiki, kuma wadda nauyinta ya tsaya daidai kan ma'aunin da aka amince da shi ba tare da ƙari ba. Zaɓi tsakanin 5 da 6 kuwa sai an gwada, domin ya dogara ne ga nisan da kake jifa a ruwan da kake zuwa. Zan yi bayanin dalilan dalla-dalla, saboda idan ka fahimce su ba za ka sake dogara da abin da aka buga a jikin kwali kaɗai ba.

A sauran nau'o'in fatsa, dalma ko abincin da aka soka a ƙugiya shi ne yake jan zare zuwa inda ake so. A wannan nau'in kuwa ƙudan ƙugiya ce kawai da aka naɗe da gashin tsuntsu da zare, ba shi da nauyin da zai kai kansa ko'ina, saboda haka igiyar ce ake jefawa, ƙudan yana biye da ita. Nauyin igiyar da ke waje shi ne yake lanƙwasa sanda, sandar kuma idan ta miƙe sai ta cilla igiyar gaba. Abin ya yi kama da majajjawa: idan dutsen ya yi ƙanƙanta ba za ka ji shi a hannu ba balle ka saita shi, idan kuma ya yi girma sai ya rinjayi hannun. Inda gora ta bambanta da sandunan girafait na yau, waɗanda ake yi da zaren kabon, shi ne tana da nauyin kanta. Sandarka tsage-tsage 6 ne na gorar Tonkin, wadda ake nomawa a kudancin ƙasar Sin, aka fere kowanne ya zama mai kusurwa 3 sannan aka manne su, kuma cikinta a cike yake, ba rami. Irin wannan sanda takan kai giram 140 ko fiye, alhali ta girafait mai tsawon ƙafa 9 takan tsaya wajen giram 80 zuwa 90. Idan ka kaɗa gora, nauyin jikinta kaɗai ya riga ya fara lanƙwasa ta tun kafin igiya ta yi nata aikin. Wannan ne ya sa ba ta bukatar taimakon igiya mai ƙarin nauyi, kuma idan aka ɗora mata sai ta yi sanyin jiki kamar yadda ka ji.

Haruffan HDH sun fito ne daga zamanin da igiyoyin duka na siliki ne, kuma kauri suke nunawa, ba nauyi ba. An jera su daga A, mai kaurin inci 0.060, ana rage 0.005 a kowane harafi, har zuwa H mai inci 0.025. Don haka HDH na nufin igiya mai bakin H a farko, cikin D mai inci 0.045 a tsakiya, da wani bakin H a ƙarshe. Muddin kowa da siliki yake saƙa igiyarsa, tsarin yana aiki, domin kauri ɗaya yana ba da nauyi kusan ɗaya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shigo da nailan, wanda bai kai siliki nauyi ba, da kuma Dacron, wanda ya fi nailan nauyi, sannan a 1953 kamfanin Cortland ya fitar da igiyarsa mai lamba 333 mai rufin roba, kamfanin Scientific Anglers na garin Midland, a nan jiharku, shi ma ya fito da nasa a cikin waɗannan shekarun. Daga nan sai aka wayi gari igiyoyi 3 suna ɗauke da HDH amma kowace da nauyinta, masunta suka rasa abin kamawa.

A 1961 ƙungiyar masu ƙera kayan kamun kifi ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da AFTMA, ta kafa ma'aunin da ake bi har yau. Ana auna nauyin ƙafa 30 na farko na igiya, wato mita 9.14, ban da ɗan miƙaƙƙen bakin da ke can gaba, da ma'aunin giren, wanda kowane ɗaya yake daidai da kusan giram 0.065. Lamba 4 giren 120 ce, lamba 5 giren 140, lamba 6 giren 160, lamba 7 kuma 185. A giram, lamba 5 ta ɗan haura 9, lamba 6 kuma kusan 10.4. An bar ɗan sassauci a kowace lamba, ta yadda 5 za ta iya kasancewa daga 134 zuwa 146, 6 kuma daga 152 zuwa 168. A jadawalin da ake amfani da shi wajen mayar da haruffa zuwa lambobi, HEH takan faɗa kan DT5, HDH kan DT6, HCH kuma kan DT7. Mai shagon da ya ba ka lamba 6 bai kauce wa jadawalin ba. Sai dai jadawalin kusantarwa ce kawai, kuma sandunan da aka rubuta wa HDH da yawa sun fi sakewa da lamba 5 ta zamani, musamman waɗanda aka yi a lokacin da igiyar nailan ta fara yawa.

Babbar matsalar tana ga igiyoyin yau. Tun da girafait ya shigo a farkon shekarun 1970, sanduna suka riƙa ƙara tauri, har ta kai sandar da aka rubuta wa 6 ba ta lanƙwasa yadda ya kamata da igiyar giren 160 a hannun ɗan koyo. Masu yin igiya suka bi kasuwa, suka ƙara nauyi amma suka bar lambar yadda take. Wasu igiyoyin an ƙara musu rabin lamba, kamar MPX ta Scientific Anglers wadda kamfanin da kansa yake faɗin haka a bayaninta, wasu kuma cikakkiyar lamba, sannan aka tara yawancin nauyin a can gaba don su iya juya manyan ƙudaje a cikin iska. Ba yaudara ba ce, tunda sukan rubuta a bayan kwali ko a shafinsu na intanet, amma mai saye ba kasafai yake dubawa ba. Ina kyautata zaton igiyar da ke hannunka tana cikin waɗannan, kuma idan haka ne, sandar da aka yi domin abin da bai wuce giren 160 ba tana ɗauke da abin da ya kusa 185.

Tabbatar da wannan ba shi da wuya. Ka samu ƙaramin sikeli na lantarki irin na masu sayar da gwal, wanda yake nuna giram 0.01. Ka bar ɗan miƙaƙƙen bakin, wanda a igiyar roba ba ya wuce inci 6 zuwa 12, ka auna ƙafa 30 daga nan, ka sa alama da alƙalami mara gogewa, ka naɗe wannan yanki ka ɗora a kan sikelin, ragowar igiyar kuma ka tallafe ta a kan tebur daidai da tsayin sikelin don kada ta ja ko ta danna. Idan ka ga giram 11 da rabi ko 12, to lamba 7 ce a hannunka, ko me aka rubuta a kwali. Wannan alamar ta ƙafa 30 ka bar ta, za ta yi maka amfani a gwajin da zan ambata.

Akwai wani lissafi da masu farawa ba sa yi, kuma a ganina shi ne ya fi kowane muhimmanci. Ƙafa 30 ɗin nan ana nufin igiyar da ta fita daga bakin sanda. Idan ka haɗa da zaren nailan na gaba da ake ɗaura wa ƙudan, wanda yawanci ƙafa 9 ne, da tsawon sandarka ƙafa 8 da rabi, ƙudan yana sauka ne a nisan ƙafa 47 da ɗoriya daga inda kake tsaye, fiye da mita 14. A ƙananan rafuka masu bishiyoyi a gefe, da wuya mutum ya yi jifa mai wannan nisa. Kowace ƙafa ta cikin igiya mai lamba 5 tana da nauyin kusan giren 5, saboda haka idan ƙafa 20 kawai ka fitar, abin da sandar take ji bai wuce giren 90 ba, wato nauyin da ke tsakanin lamba 2 da 3. Idan kuma ka fitar da ƙafa 40 ta igiyar DT, nauyin ya kai wajen 190, ya shiga yankin lamba 7. Igiya ɗaya ke nan take sauya lamba a hannunka gwargwadon abin da ka saki. Don haka wanda yake yini a ƙaramin rafi yana jifan kusa zai fi jin daɗin lamba 6 a wannan sandar, domin tana sa ta lanƙwasa da wuri. Wanda kuma yake tsayawa a faffaɗan wuri, kamar babban reshen kogin Au Sable ƙasa da garin Grayling, yana riƙe da ƙafa 35 zuwa 45 a iska, lamba 5 ce za ta bar wa sandar sauran ƙarfi.

Batun rashin gudu a cikin zobba kuwa na kauri ne. Siliki ya fi ruwa nauyi, saboda haka igiyarsa siririya ce, kuma zobban sandarka an yi su ne daidai da ita. Igiyar roba tana yawo a saman ruwa ne saboda ƙananan ƙwayoyin gilashi masu iska a ciki da aka cakuɗa a rufinta, wannan kuma yana sa ta fi ta siliki mai nauyi ɗaya kauri a fili. Idan ta bi ta ƙananan zobban waya, musamman na can ƙarshen tsini, sai ta riƙa gogar gefe. Akwai igiyoyin roba da aka yi musamman saboda wannan: Cortland 444 Sylk siririya ce mai laushi, tsohuwar 444 mai launin ruwan goro mai haske ta daɗe tana tafiya da gora, kamfanin 406 na jihar Montana yana yin igiyoyi masu nauyi daidai domin gora da sandunan zaren gilashi, Royal Wulff kuma yana da wadda ya sa wa suna Bamboo Special. Ka guji igiyoyi masu kaushin jiki da aka yi wa zane don su yi nisa, domin suna ƙara a cikin zobba kuma ba na son su a kan tsohuwar waya mai taushi. Yawancin igiyoyin yau suna zuwa da ɗan zobe da aka narka a bakinsu don ɗaura zaren gaba, kuma wannan zoben yakan maƙale a ƙaramin zoben tsini, abin da yake da haɗari idan kifi ya zabura a daidai lokacin da ka jawo shi kusa, domin a nan tsinin gora yake karyewa. Ka yanke shi, ka ɗaura zaren da ƙullin da ake yi da taimakon ƙusa ko allura, ka shafa masa ɗan gam ya yi sumul. Kafin ka zura sabuwar igiya, ka ja ɗan auduga ta cikin kowane zobe. Idan ta kama, to tsohuwar igiya ta ci wurin ta bar kaifi, kuma zai fere rufin sabuwar cikin ɗan lokaci, sai a sauya zoben. Wasu sukan sa a sauya zobban duka da manya, wanda yake magance matsalar amma yana rage darajar sandar a wurin masu tara tsofaffin kaya, ya kuma ɗora ɗan nauyi a tsini.

Game da DT da WF, an cika yin gardamar da ta fi ƙarfin abin. A ƙafa 30 na farko, idan lambarsu ɗaya ce kuma sirancewar gabansu iri ɗaya ce, sandar ba za ta bambance su ba. Bambancin yana farawa ne bayan nan, inda WF take komawa siririya don ta yi gudu idan aka sake ta, DT kuma take ci gaba da kaurinta har zuwa ɗaya bakin. Na fi son DT a kan gora saboda ayyukan da gora ta fi iyawa su ne waɗanda suke bukatar ciki mai kauri: jifan naɗi, wanda ake yi ba tare da an kai igiya baya ba idan akwai bishiya a bayanka, da gyara kwanciyar igiya a kan ruwa don kada gudun ruwa ya ja ƙudan. Ga kuma sauƙin aljihu, tunda idan baki ɗaya ya tsufa sai a juya ɗayan. Idan WF ka samu mai nauyi daidai da dogon gaba mai sirancewa a hankali, ba laifi, za ta yi aiki.

Idan za ka yi gwaji, ka fara duba sandar: ka haɗa gaɓoɓin ka kaɗa a hankali, idan ka ji ƙas-ƙas a mahaɗin ƙarfe ko ka ga tsage ya fara rabuwa da ɗan'uwansa, a gyara tukuna. Sannan ka aro igiya lamba 5 da lamba 6 masu nauyi daidai. Shagunan wannan sana'a da ƙungiyoyin masunta na yanki sukan ba da aron na gwaji idan aka tambaya. Ka ɗaura zaren gaba da ɗan ulu a madadin ƙuda, ka je bakin ruwa, ko kan ciyawa idan babu, amma ban da kwalta. Ka yi jifa da ƙafa 20, sannan 30, sannan 40, kana sassauta hannu fiye da yadda aka koya maka da girafait, kana jiran igiyar ta miƙe a baya kafin ka kawo ta gaba. Idan igiyar ta yi wa sandar kaɗan, ba za ka ji janta a baya ba, za ka tarar kana ƙara ƙarfin dantse don ta tafi, zaren gaba kuma ya zube a tattare. Idan ta yi mata yawa, za ka ji lanƙwasar ta gangaro har cikin mariƙi, tsinin ya riƙa rawa bayan ka tsayar da hannu, igiyar ta buɗe a iska ta faɗa ruwa da ƙarfi. Wadda ta dace ita ce wadda, a nisan da ka fi yawan kamun kifi, take tafiya da ɗan motsin hannu kaɗan. Idan duka biyun sun yi maka daidai, ka ɗauki mara nauyin, domin sandar ta haura shekara 60, kuma yawan lodi yana barin tsinin gora da karkata wadda sai an gasa shi a hankali kafin ya miƙe.

Saboda wannan dalilin ne ba na ba da shawarar igiya mai nutsewa a kan irin wannan sanda. Fizgo igiyar da ta nutse daga ƙarƙashin ruwa yana wahalar da tsini fiye da kowane jifa. Idan ta kama dole, ka jawo yawancinta da hannu, ka yi jifan naɗi don ragowar ta taso sama, sannan ka ɗaga.

Siliki yana da abin da roba ba ta da shi, kuma ba zan rage masa daraja ba. Saboda sirantarsa yana ratsa iska da sauƙi, yana sauka a ruwa ba hayaniya, ba ya riƙe naɗin kwarkwaron da ake naɗe igiya a kai ko da sanyi, kuma a cikin zobban sandarka zai yi gudu yadda mai ƙera ta ya nufa. Har yanzu ana saƙa shi a Turai, inda Phoenix a Faransa da Terenzio a Italiya suke cikin sanannun masu yi, kuma yanzu da lambobin zamani suke sayar da shi, don haka DT5 ko DT6 za ka nema. Amma yana da sharuɗɗa. Ana jiƙa saƙar ne da wani man tsiro da ake kira linsid, kuma ba ya yawo a saman ruwa sai an shafa masa maiko, wanda aka fi sani da shi shi ne Mucilin na jan gwangwani, ban da na kore mai silikon. Ana shafawa ne idan igiyar ta bushe sarai, a goge ragowar da ƙyalle, domin maiko a kan jiƙaƙƙen siliki yana kulle damshi a ciki ya ruɓar da shi. Bayan wasu sa'o'i a ruwa bakin zai fara nutsewa, sai a juya ɗaya bakin ko a shanya. Duk ranar da aka dawo kuma sai an warware shi daga kwarkwaro an rataye shi sako-sako a inuwa ya kwana. Sabo yakan zo da tauri da ɗan kaushi, sai an yi ta aiki da shi kafin ya yi laushi. Kuɗinsa ya ninka na igiyar roba mai kyau, ko da yake wanda aka kula da shi yakan yi shekaru 20 ko fiye, abin da roba ba ta yi. Tunda yanzu kake koyo, ka fara da roba har ka tabbatar da lambar da sandar take so, domin kuskuren lamba a siliki yana da tsada.

Idan wata rana ka yi niyyar zuwa da sandar gida, ka sani igiyoyin tirawut an yi su ne domin ruwan sanyi, kuma a zafinmu rufinsu yakan yi laushi ya riƙa danƙo a cikin zobba. Ana fatsar ƙuda a kogin Faro na arewacin Kamaru, amma giwan ruwa da tsage na can da manyan sandunan girafait ake tunkararsu, giwan ruwa har da lamba 12. Sandarka ba ta wannan fagen ba ce, iyakarta ƙananan karfasa, kuma kada ka bar ta a cikin mota a rana, domin zafi yana sassauta tsohon gam ɗin da ya riƙe tsage-tsagen.

Abu na ƙarshe shi ne kwarkwaron naɗe igiya. DT ta fi WF cin wuri, saboda kaurinta bai ragu ba a tsawon kusan ƙafa 90, kuma tsofaffin kwarkwaro an yi su ne domin siririn siliki. Idan ta ƙi shiga, ka rage zaren ƙasa da ake fara naɗawa, ko ka raba igiyar biyu ka ajiye rabi, tunda ƙafa 45 ta ishi ƙaramin rafi. Kada ka nemi kwarkwaro mafi sauƙin nauyi kamar yadda masu girafait suke yi. Sanda mai ƙafa 8 da rabi ta gora tana rinjaya gaba, kuma kwarkwaro mai ɗan nauyi shi ne zai dawo da daidaiton kusa da saman mariƙi. Ka zura igiyar, ka fitar da ƙafa 30, ka ɗora sandar a kan yatsa ɗaya, idan ta tsaya a wajen inci 1 ko 2 daga bakin mariƙin, nauyin kwarkwaron ya yi.